Yadda Ake Auna Tayi da Sarrafa Kati a Wasan Birij

Mu huɗu ne muke haɗuwa a Gesse, nan Birnin Kebbi, duk daren Asabar bayan sallar isha'i. Tebur ɗaya, kujeru huɗu, fitila mai caji da butar shayi. Ko sisi ba ya hawa teburin, kuma na fara da faɗin haka ne domin a wajenmu da an ga karta sai zuciya ta tafi ga caca. Birij wasan lissafi ne na mutum biyu a kan mutum biyu. Maki ake rubutawa a takarda, a tashi kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi a aljihu. Wanda ya koya mana wani dattijo ne, tsohon malamin lissafi da ya koyo wasan lokacin karatunsa a Ingila. Malam muke ce masa.

Wannan bayani na wanda ya riga ya iya dokoki ne. Ya san kati 52 ake rabawa, kowa 13, ya san buɗe tayi da amsa shi, amma har yanzu yana faɗuwa a alkawarin da ya kamata ya cika, ko ya tsaya a ƙasa alhali gem, wato alkawari mai babban lada irin su 4♠ ko 3NT, na hannunsa. Ga yadda muke kiran abubuwa a teburinmu: gidaje huɗu su ne mashi ♠, zuciya ♥, daimon ♦ da kulob ♣. Gidan da ke yanka sauran shi ne turam. Wanda ciniki ya ƙare a kansa shi ne mai alkawari, katunan abokinsa da ake bajewa a tebur kuma shimfiɗa. Zagaye ɗaya na kati huɗu, ga wanda ya kwashe shi, ci ne.

Mataki na farko: auna hannunka, kada ka tsaya ga maki

Lissafin da kowa ya fara da shi, as 4, sarki 3, sarauniya 2, jek 1, na Milton Work ne, Charles Goren kuma ya yaɗa shi a Amurka. Yana da amfani, amma yana tauye as, yana kuma kumbura sarauniya da jek. Dubi waɗannan hannuwa biyu:

♠ A Q 10 9 4 ♥ K Q 10 8 ♦ 7 3 ♣ 5 2

♠ Q J ♥ Q 7 4 2 ♦ K J 3 ♣ Q J 5 2

Na farko maki 11 ne, na biyu 12. Wanda ya dogara ga maki kaɗai zai ce na biyu ya fi. Ni kuwa na farkon zan buɗe 1♠ ba tare da na yi wata-wata ba, na biyun kuma sau da yawa zan wuce. A na farko manyan katunan suna zaune tare a dogayen gidaje, kowane yana tallafar ɗan'uwansa, ga 10 da 9 a bayansu. A na biyu babu as ko ɗaya, kuma Q J na mashi su biyu rak, da an buga as da sarki sun tafi a banza. Kamar buhunan shinkafa biyu ne a kasuwar Jega, nauyinsu ɗaya a sikeli, amma ɗaya rabinsa ƙaiƙayi ne.

To yaya za ka auna da kyau? Ka ƙirga asara. A kowane gida katuna uku na sama kawai ake dubawa: duk wanda ba as ba, ba sarki ba, ba sarauniya ba, asara ce. Gida mai kati biyu ba ya wuce asara biyu, kuma a can sarauniya ma asara ce; mai kati ɗaya ba ya wuce ɗaya, kuma as ne kawai ba asara ba a cikinsa; gidan da ba ka da komai a cikinsa babu asara. Hannu na farko yana da asara 6: ɗaya a mashi, ɗaya a zuciya, biyu a daimon, biyu a kulob. Na biyu yana da 8, kuma ma da sassauci, domin sarauniyar zuciya ba ta da mai tsaronta.

Amfanin wannan ƙirga yana fitowa ne bayan kun gano gidan da kuke da kati 8 ko fiye a tsakaninku. Ka haɗa asararka da wadda tayin abokinka ya nuna, ka cire daga 24, abin da ya rage shi ne kimanin cin da za ku yi. Hannun buɗewa na yau da kullum asara 7 ne. Idan abokinka ya buɗe 1♠, kai kuma kana da mashi huɗu da asara 7, to 24 a cire 14 saura 10, ka kai shi 4♠, wato alkawarin ci 10, ko da makinka 11 ne. Sai dai ka riƙe sharaɗin: kafin a sami gidan da kuka dace, wannan lissafi ba ya aiki, kuma a NT, inda babu turam, kada ka ma taɓa shi.

Mataki na biyu: duk wanda ya buɗe baki, darajar hannunka ta canza

Nan ne mafi yawan masu wasa suke tsayawa. Sun ƙirga maki 13 tun farko, sai su riƙe 13 ɗin nan har ciniki ya ƙare, kamar ba su ji abin da aka faɗa ba.

Wasa ta hannun hagu yake zagawa, wato na damanka yana sa kati kafin kai, na hagunka bayanka. Idan kana da ♦ K J 3 kuma na damanka ya taya daimon, katunanka sun yi tsada, domin as da sarauniyarsa za su fito kafin ka zaɓi naka. Idan na hagunka ne ya taya, sun faɗi warwas, yana zaune a kanka yana jiran ka. Sarauniya a gidan da abokinka ya taya zinariya ce. Sarauniya mai rakiyar ƙaramin kati ɗaya a gidan abokan hamayya, ka ɗauke ta kamar babu.

Haka gajeren gida. Akwai tayin da ake yi da tsalle don nuna shi: ka buɗe 1♠, abokinka ya ce 4♦, ma'ana yana da mashi huɗu ko fiye, ƙarfin gem, da daimon ɗaya ko babu. Yanzu dubi naka daimon. Idan A 8 4 ne, ko ma ƙananan kati uku, ka yi murna: ƙananan nan za a yanke su da turam ɗin shimfiɗa, kuma makin abokinka duk suna sauran gidaje inda kake bukatarsu. Idan K Q J ne, maki shida ke nan da suka haɗu da wofi, ka ce 4♠ ka yi shiru. Na ga silam, wato alkawarin ci 12 ko 13, da aka ci da maki 27 ta wannan hanya, na kuma ga wanda aka faɗi da 32 saboda ƙarfin ya taru a inda ba a bukatarsa.

Mataki na uku: san farashin kuskure kafin ka yanke shawara

Tsarin makin da muke amfani da shi ya samo asali ne daga Harold Vanderbilt, wanda ya tsara shi a cikin jirgin ruwa a 1925, kuma shi ya shigo da bambanci tsakanin ɓangaren da ke cikin haɗari, wanda ladan gem ɗinsa da tarar faɗuwarsa duk sun fi yawa, da wanda ba ya ciki. Wanda bai san waɗannan alƙaluma da ka ba, tayi yake yi a cikin duhu.

Ɗauki lissafin IMP, inda ake mayar da bambancin maki zuwa ƙananan lambobi, wanda ake yi a gasar ƙungiyoyi, kuma za ka same shi a Bridge Base Online idan kana wasa ta waya. Kuna cikin haɗari, kana tunanin ko ka tsaya a 3♠ ko ka tafi 4♠. Idan ka tafi kuma aka yi ci 10, ka sami 620 maimakon 170, bambanci 450, wato IMP 10. Idan ci 9 aka yi, ka rasa 100 maimakon ka sami 140, bambanci 240, IMP 6. Riba 10, asara 6. Ke nan ko da damar cin gem ɗin ba ta wuce kashi 38 cikin 100 ba, tafiya ta fi tsayawa. Idan ba ku cikin haɗari riba 6 ce, asara 5, sai damar ta kai wajen kashi 45. A gasar mutum bibbiyu kuwa, inda ake gwada sakamakonka da na kowane tebur, sai ta kai rabi, kuma ci ɗaya na ƙari yana iya zama komai. Hannu ɗaya, amsa uku, gwargwadon inda kake zaune.

Idan ciniki ya yi zafi

Wannan shi ne wurin da na fi ganin ana zubar da maki. Su suna zuciya, ku kuna mashi, kowa yana ƙara tayi kamar dillalai a kan sa ɗaya ranar kasuwa, ba wanda yake so ya janye.

Wani Bafaranshe, Jean-René Vernes, ya lura tun shekarun 1950 cewa jimillar cin da ɓangarorin biyu za su iya yi, kowa a gidansa mafi tsawo, tana kusan daidai da jimillar turam ɗinsu. Larry Cohen ya yaɗa wannan ka'ida a 1992. Abin da za ka ɗauka zuwa tebur gajere ne: idan ƙarfi ya rabu kusan daidai, ka taya har zuwa adadin turam ɗinku. Kati 8 a tsakaninku, mataki na biyu, ci 8. Kati 9, mataki na uku. Kati 10, na huɗu. Kuma ka je can da wuri. Idan abokinka ya shiga da 1♠, wanda yake nuna biyar, kai kana da biyar da hannu marar ƙarfi mai gajeren gida, ka ce 4♠ nan take, ka bar su su yi ta lalube a sama. Hawa a hankali ba su fili ne su gama fahimtar juna.

Sannan ka yi lissafin sadaukarwa, wato ɗaukar alkawarin da ka san zai faɗi don ka hana su gem ɗinsu. Suna cikin haɗari, gem ɗinsu 620 ne. Ku ba ku ciki, aka ninka ku, wato suka yi tayin da ke ƙara tarar faɗuwarku: faɗuwa da ɗaya 100, da biyu 300, da uku 500, da huɗu 800. Har uku riba ce, na huɗu asara. Idan ku ne cikin haɗari kuwa, 200, 500, 800 ake tafiya, gem ɗinsu kuma idan ba su cikin haɗari 420 ne kacal, don haka faɗuwa da biyu ma ta yi yawa. Kafin duk wannan ka tambayi kanka ko gem ɗin nasu zai ciwu ma. Babu abin da ya fi ciwo kamar ka biya 300 don kauce wa alkawarin da dama faɗuwa zai yi. Idan kun tura su mataki na biyar, aikinku ya yi, galibi a bar musu.

Silam, da daren da na koyi darasinsa

Tambayar as da 4NT Easley Blackwood ne ya ƙirƙiro ta a 1933. Wadda muke yi yanzu tana ƙirga makullai biyar, wato as huɗu da sarkin turam. A tsarinmu 5♣ na nufin ɗaya ko huɗu, 5♦ babu ko uku, 5♥ biyu ba sarauniyar turam, 5♠ biyu da sarauniya. Tambayar tana gaya maka nawa ne, ba ta gaya maka wanne ne ba, kuma a nan ramin yake.

Wani dare cikin watan Afrilu, zafi ya hana kowa sakat, na ɗauki wannan:

♠ K Q J 8 5 ♥ A K ♦ A Q 6 2 ♣ 9 3

Na buɗe 1♠, Malam ya ce 3♠, wato mashi huɗu da maki 10 zuwa 12. Na ce 4NT, ya ce 5♣, makulli ɗaya. Ɗaya kaɗai ya ɓace mana, sai na ce 6♠. Na haguna ya fito da as na kulob, ya bi da sarki, alkawari ya faɗi tun ban sa hannu a wasan ba. Shimfiɗar Malam ita ce ♠ A 10 6 2 ♥ Q 9 5 ♦ K 8 3 ♣ J 6 4. Bai ce komai ba sai da muka tashi. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, mi yak kai ka tambayar as, ga ƙofar kulob a buɗe?" Na ce, "Malam, makina 19 ne." Ya ce, "To da wanne daga cikinsu za ka tare kulob?"

Ga abin da ya kamata in yi. Bayan 3♠ sai in ce 4♦, tayin da ke nuna ina tare daimon da as, ko sarki, ko gajarta. Tunda na tsallake 4♣, na gaya masa ke nan ba ni da abin tare kulob. Shi ma ba shi da shi, sai ya koma 4♠, mu tsaya lafiya mu yi ci 11. Da yana da as ko sarkin kulob, shi zai ci gaba. Saboda haka, muddin kana da gida mai ƙananan kati biyu ko fiye da ba wanda ya nuna ya tare, ko kana da gidan da babu komai a cikinsa, ka ajiye 4NT ka bi ta nuna matara ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na gaba: an baje shimfiɗa, kada ka taɓa kati tukuna

Alkawura da yawa a kati na farko suke mutuwa. Da shimfiɗa ta sauka, ka ɗora hannuwanka a cinya ka yi tambaya huɗu a zuci. Ci nawa nake da su a hannu, tabbas? Daga wane gida sauran za su fito? Wa zai karɓi wasa idan na saki, kuma me zai yi mini? Ta wace ƙofa zan shiga shimfiɗa in kwashi abin da na gina? A NT ci ake ƙirgawa, a alkawarin turam kuma asara.

Kana Kudu, Yamma na hagunka, Gabas na damanka, alkawari 3NT, Yamma ya fito da sarkin mashi.

Shimfiɗa: ♠ 6 5 ♥ K 7 4 ♦ A Q 10 8 3 ♣ K 5 2

Kai: ♠ A 8 3 ♥ A Q 5 ♦ J 9 2 ♣ A 7 6 4

Ci bakwai ne a hannu: mashi ɗaya, zuciya uku, daimon ɗaya, kulob biyu. Biyun da suka rage daga daimon za su zo. Za ka fito da jek daga hannunka, idan Yamma bai rufe da sarki ba ka bar shi ya wuce. Wannan shi ne fines, tarkon da ake ɗana wa babban kati. Idan tarkon bai kama ba, Gabas ne zai ci da sarki. To me zai dawo da shi? Mashi, idan yana da shi. Aikinka ke nan: ka tabbata ba shi da shi.

Mashi takwas ne a wajensu. Ka bar sarki ya ci, ka bar na biyu ma ya ci, sai a na uku ka sa as. Idan rabon biyar da uku ne, Gabas ya ƙare, ya ci daimon ɗinsa amma ba shi da hanyar kai wa Yamma. Idan huɗu da huɗu ne, mashi uku da daimon ɗaya za su ci, kai kana da tara. Da ka yi gaggawar sa as a zagayen farko, mashi huɗu da sarkin daimon sun kayar da kai. Akwai 'yar ƙa'idar tuni: ka haɗa katunanka da na shimfiɗa a gidan, ka cire daga 7, sau nawa za ka ƙyale ke nan. A nan biyar ne, saura biyu. Amma ka fi riƙe dalilin da ƙa'idar, domin idan akwai wani gidan da ya fi wannan rauni kuma za su iya juyawa can, ƙyalewa tana iya zama ita ce kuskuren.

Ka tuna abin da aka faɗa, da abin da ba a faɗa ba

Wannan ne sashen da na fi so a duk wasan, kuma shi ne ya raba gwani da mai sa'a.

Ka ce kana da ♦ K 10 4 a shimfiɗa da ♦ A J 6 a hannu. Sarauniya tana waje, kuma kana iya ɗana mata tarko ta kowane ɓangare. Mai gaggawa zai ce rabi da rabi ne, ya rufe ido ya zaɓa. Kai ka jinkirta gidan nan zuwa ƙarshe, ka buga sauran kana kallo. Yamma ne ya raba kati, ya wuce bai buɗe ba. A cikin wasa ya nuna as da sarkin mashi, ya nuna sarkin kulob. Maki 10 ke nan. Da yana da sarauniyar daimon da sun zama 12, da ya buɗe. Tana wajen Gabas. Ka ci da sarki a shimfiɗa, ka fito da ƙarami, Gabas ya sa ƙarami, ka sa jek. Shirun da mutum ya yi minti biyar da suka wuce shi ya gaya maka.

Idan babu wata alama, sai a koma ga alƙaluma. Kati biyar a waje suna rabuwa uku da biyu kashi 68 cikin 100, huɗu da ɗaya kashi 28. Shida a waje, uku da uku kashi 36 ne kawai, huɗu da biyu kashi 48, don haka kada ka jingina alkawarinka a kan uku da uku idan akwai fines mai rabi da rabi, sai dai ka gwada rabon tukuna idan gwajin bai rufe maka hanyar fines ɗin ba. Huɗu a waje, biyu da biyu kashi 41, uku da ɗaya kashi 50. An saba cewa idan kuna da kati takwas kuma sarauniya ta ɓace a yi fines, idan tara ne a buga as da sarki. Haka ne, amma a tara ɗin ratar siririya ce ƙwarai, ƙaramar alama tana juya ta. Idan Yamma ya buɗe 3♥ da zuciya bakwai, ku kuna da huɗu, Gabas biyu, to guraben da suka rage wa Yamma 6 ne, na Gabas 11. Sarauniyar ta fi yiwuwa a inda wuri ya fi yawa. Ka ɗana wa Gabas.

Akwai kuma wani da yake ba mutane wahalar yarda. Shimfiɗa ♠ K 10 9 4, kai ♠ A 8 7 5 3. Ka buga as, Yamma ya sa 2, Gabas ya yar da sarauniya. Ka fito da ƙarami, Yamma ya sa 6. Sarki za ka sa ko 10? Ka sa 10. Da Gabas yana da sarauniya da jek su biyu, yana da zaɓi, wani lokaci jek zai yar. Idan sarauniya ce kaɗai, dole ita zai sa. Wanda aka tilasta ya fi wanda ya zaɓa yawa, kusan biyu bisa ɗaya. Na yi wata guda ina musu da Malam a kan wannan, sai da ya sa na zauna da karta na raba gidan sau da yawa ina rubutawa kafin na sallama.

Wani lokaci ma ba sai ka yi canke ba, su za su buɗe maka gidan da kansu. Alkawari 6♠, an fito da sarkin zuciya.

Shimfiɗa: ♠ Q 10 8 6 2 ♥ 7 5 ♦ K 10 4 ♣ K Q 3

Kai: ♠ A K J 9 4 ♥ A 3 ♦ A J 6 ♣ A 7 2

Ka ci da as. Ka zare turam ukun da ke waje. Ka buga kulob uku, gidan ya ƙare a hannuwanku biyu. Sai ka miƙa musu zuciyar da dama tasu ce. Duk wanda ya ci ya shiga tsaka mai wuya: idan ya fito da daimon, ka sa ƙarami daga hannun da ke biye da shi, sarauniya ta kamu ko tana ina. Idan ya fito da zuciya ko kulob, ka yanka a hannu ɗaya ka zubar da daimon a ɗayan. Silam ya cika, ko yaya aka raba katin. Alamar da za ta sa ka nemi wannan dabara ita ce turam mai yawa a hannuwa biyu, da gidan da duk wanda ya fara taɓa shi shi ke asara.

Idan kai ne mai tsaro

Rabin wasanninka a tsaro za ka yi su, kuma ƙirgar ɗaya ce. Ciniki ya gaya maka makin mai alkawari: wanda ya buɗe 1NT yana da 15 zuwa 17. Ka haɗa da naka da na shimfiɗa, ka cire daga 40, ka san abin da abokinka yake riƙe da shi tun kafin a buga kati na biyu.

Idan kun saba fitowa da kati na huɗu daga sama a dogon gida, ka cire lambar katin daga 11. Abokinka ya fito da 7, shimfiɗa tana da K 5 2, kai kana da A J 9 3. An cire 7 daga 11, saura 4: kati huɗu ne suka fi 7 a wajen hannunsa, kuma duk kana ganin su, sarki a shimfiɗa, as da jek da 9 a wurinka. Mai alkawari ba shi da ko ɗaya. Idan shimfiɗa ta sa ƙarami, ka sa 3, ka bar 7 ya ci, abokinka ya sake ratsa sarkin.

Duk saƙon da za ka aika wa abokinka, da katin da ka sa da tayin da ka yi za ka aika shi. Tsaki, ɗaga gira, dogon jinkiri da gangan, buga kati da ƙarfi a tebur, duk haramun ne a dokar wasan, kuma a teburinmu cin amana muke ɗaukar su.

Mu kuwa, ga yadda muke gyara kanmu. Ba ma cakuɗa katin ci a tsakiya. Kowa yana ajiye nasa a gabansa a kife, a tsaye idan ɓangarensa ya ci, a kwance idan an ci su, yadda ake yi a gasa. Da hannu ya ƙare, idan akwai abin dubawa, sai a buɗe duka 52 a ɗauki hoto da waya. Ba a tattaunawa a lokacin, sai an zuba shayi na ƙarshe. A nan Malam yake zaɓar hannu biyu ko uku, ya rufe na abokan hamayya da tafinsa, ya nuna wa mai alkawari zagaye na huɗu ko na biyar, ya ce ya faɗi kati nawa kowa yake da shi a kowane gida, da inda ya samo amsar.